Ramin Bayan Kwamfuta: Waiwaye Daga Alsahafa

Wajen shekarar 2000, in mutum ya shiga Suk al-Arabi a tsakiyar Khartum da niyyar sayen kwamfuta, ba a ɗauko masa ita a kwali. Takarda ake miƙo masa, ya zauna shi da mai shago su bi ta layi-layi: akwatin ƙarfen da kuɗinsa, babban allon da komai ke mannewa a kai da kuɗinsa, ƙwaƙwalwa, ma'ajiya, gilashin kallo, kowanne da nasa. Abin da aljihu ya iya ɗauka shi za a harhaɗa kafin la'asar. Can ƙasan takardar akwai layuka biyu da biro ya fi yawan sokewa. Ɗaya modam, mai haɗa kwamfuta da layin tarho. Ɗayan katin shabaka, mai haɗa kwamfuta da 'yar'uwarta ta kebul. Waɗannan ƙari ne, ƙari kuwa sai mai hali.

A kan layukan nan biyu na ga kawuna ya kusa ɓatawa da wani yaro da yake kira Injiniya. Kawu mutumin Alsahafa ne a kudancin birnin, haifaffen Sudan, jikan wani bawan Allah da ya baro ƙasar Kano a ƙafa da nufin Makka, ya ƙare da noman auduga a Jazira. Ni karatu ya kai ni Jami'ar Afirka, wadda ba ta da nisa da unguwar, na sauka a gidansa. Abin da ya sa shi sayen kwamfuta shi ne ya lura ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar da Chadi suna yawo da kundin kammala karatu rubuce da hannu, suna neman mai buga musu. Za a girke ta a ɗakin bakin ƙofa, babbar 'yarsa ta riƙa bugawa, a riƙa karɓar kuɗi shafi-shafi. Iyakar lissafinsa ke nan.

Injiniya, Bahaushen Gadarif ne, ya ɗora yatsa a kan takarda ya ce, "Baba Alhaji, a bar modam ɗin nan. Ba za a jima ba za ku neme shi."

Kawu ya ce, "In na neme shi na saya. Gidana ko tarho babu, da me zan jona shi?"

"Ai ni a ganina, Baba, kamata ya yi tun daga kamfani a ƙera shi a jikinta, yadda ba sai an tambaye ku ba."

"Wato a sa ni biyan kuɗin abin da ban ce ina so ba. To, Allah ya sa kada su ji ka."

Aka soke modam, aka soke kati, aka ɗauko kwamfuta a rakca, wato keke mai ƙafa uku, zuwa gida.

Kamfanonin kuwa sun ji shi, ko in ce sun ma riga shi. Gardamar ta girmi shagon da muka zauna a ciki. Kwamfutar IBM ta 1981, wadda akasarin na tebur suka gaji tsarinta, ta fito ne ba modam ba kati. Mai so ya saya ya soka. Na'urorin Sakhr na kamfanin Al-Alamiya na Kuwait, waɗanda suka shiga gidajen Larabawa masu abin hannu a tsakiyar shekarun 1980, da talabijin ake jona su, yara su yi wasa, su koyi lissafi, shi ke nan, ba su san akwai wata kwamfuta a duniya ba. Apple ne ya fara karkata ɗaya ɓangaren: daga 1985 Macintosh na iya magana da 'yar'uwarta da kuma firinta ta ramin da aka ƙera a bayanta. Windows 95 ya zo da manhajar kiran intanet a cikinsa. A watan Agustan 1998 aka fito da iMac, modam a jiki, ramin kebul na Ethernet a jiki, amma babu ramin fulofi, faifan da kowa ke yawo da aikinsa a ciki a lokacin. Aka yi ca, ana cewa rainin hankali ne. A 2003 Intel ya fito da Centrino, daga nan Wi-Fi ya zama abin da ake tsammani a kowace kwamfutar tafi-da-gidanka, ba a ma tambaya.

Araha ce ta raba gardamar. Ɗan guntun da ke yin aikin ya yi ta raguwar kuɗi har ya zama ƙera allo iri biyu, mai shi da marar shi, ya fi tsada a kan a manna wa kowa. Wanda ke son ganin farashin abin tsirara ya dubi Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan ta Ingila da ba ta wuce tafin hannu ba: a 2015 an fito da samfurin Zero a kan dala 5, ba ya jonuwa da komai, a 2017 aka ƙara masa Wi-Fi da Bluetooth, ya koma dala 10. A kan abin da bai wuce haka ba yanzu dattijo da yaro suka yi ta musu rabin yini.

Duk da haka Kawu bai yi wauta ba a ranar. Intanet a lokacin sabuwa ce fil a Sudan, sai ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Sudanet ya fara sayar da ita, kuma sai mai layin tarho na gida. Kwamfutarsa marar modam ta mayar da kuɗinta da bugun kundaye, ta ciyar da gida, ba ta taɓa neman izinin kowa ba kafin ta buɗe. Wutar lantarki kawai take roƙo, da a rufa mata zane in habub, guguwar ƙurar nan, ya taso.

Amma akwai dalilin da ya sa maganar Injiniya ta fi kama zuciya a unguwa irin tamu. Hausawan Sudan mutanen hanya ne. Tun zamanin ayarin mahajjata, sannan bayan yaƙin Burmi na 1903, da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya ja jama'a gabas har suka kafa Maiurno a bakin Shuɗin Kogin Nilu kusa da Sinnar, zuriya ɗaya takan shimfiɗu a kan dubban kilomita: wa a Kano, ƙane a Gadarif, 'yar'uwa a Jidda, kaka a Wad Madani. Na tarar da zamanin kaset. Bayan isha'i za a tara gida, a ajiye rediyo a tsakiyar tabarma, a danna jan maɓalli. Kawu ya fara da sallama da addu'a, Hajiya ta jero gaisuwa gida-gida ba ta tsallake ko jariri, a turo yara ɗaya bayan ɗaya su ce suna gaida Gwaggo, wata tsohuwa ta fara magana kuka ya ci ƙarfinta, a bar shi ya shiga haka nan. A naɗe kaset a takarda, a ba wa mai tafiya umara ko ɗan kasuwar da zai bi ta Njamena. Amsa sai bayan watanni. Wani lokaci kafin gaisuwa ta isa, wanda aka gaisar ya riga mu gidan gaskiya. Mutanen da suka rayu a haka, in ka ce musu akwai abin da zai kai wasiƙa Jidda kafin shayi ya huce, ai ba sa buƙatar dogon wa'azi.

Haka kuwa aka yi. Da tarho ya shigo gidan, Kawu da kansa ya aika a kira Injiniya. Ya zo da sukundireba da ɗan kati a leda, ya kwance murfin akwati, ya hure ƙurar da ta yi kauri a kan fanka har muka yi ta atishawa, ya soka kati ya danna shi da babban yatsa sai da ya ce ƙas. Sai aka shiga neman faifan da zai gabatar da katin ga kwamfuta, domin in ba shi, ba ta san an sa mata komai ba. Da aka dace, sai wannan kukan: ƙara, shiru, ƙara mai tsini, sannan huci. Iyakar gudunsa kilobit 56 a daƙiƙa, in layi ya yi kyau, kuma ba kullum yake kyau ba. Hoto ɗaya daga Jidda yakan sauko daga sama a hankali, hula tukuna, sai goshi, sai idanu, gida duka a tsaye ana jiran a ga ko jaririn ya ɗauko hancin uban. Muddin ana ciki, tarho ya toshe, Hajiya na faɗa daga tsakar gida wai ana ta kiranta ba a samu. Ƙarshen wata takardar kuɗi ta zo, Kawu ya kafa doka: intanet sai bayan isha'i, sai kuma yana wurin.

Kwamfuta ta biyu da aka saya a gidan, 'yan shekaru bayan haka, ba a tambayi Kawu komai ba. Ramin kebul na nan a bayanta, an ƙera shi a jikin allo, da 'yan fitilu biyu a gefensa. Fitilun ba su taɓa kamawa ba. Babu kebul ɗin da ya zo layinmu da za a soka a ciki. Ƙura ta cika shi, daga baya zanzaro ya liƙe bakinsa da laka. Masu ƙera shi sun yi lissafi ne da gidan Amurka da na Turai, inda waya ta riga ta shiga kowane bango tun zamanin kakanni. Mu tamu shabakar ta sama ta biyo. Mobitel, wanda ya koma Zain a 2007, da Areeba da ya koma MTN, da Sudani na Sudatel, da Canar, su suka kawo ta daga tsakiyar shekarun 2000. Sai ga mu mun koma sayen ƙari: ɗan modam kamar filasha, irin mDSL na Sudani, a soka a ramin USB, a ƙara masa doguwar igiya a rataye shi a taga ko a ƙusar bango, a yi ta juya shi ana neman inda sanda za ta cika. Kwamfuta ta zo da haɗinta a jiki, haɗin da ya dace da wata ƙasa.

Daga ƙarshe na'urar da ta cika burin Injiniya ba ta tebur ba ce. Wayar hannu ce, wadda ba a ma iya tunaninta ba tare da shabaka ba. Ita ta shiga kowane gida a Alsahafa da Mayo da Umbadda, har hannun tsofaffin da ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba. Da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, sai kaset ya dawo a wata kama: gaisuwar nan dai ta Hajiya, gida-gida, ba ta tsallake kowa, sai dai yanzu amsa na zuwa kafin ta ajiye waya.

Masu adawa da haɗin dole suna da wasu hujjoji banda kuɗi, kuma zamani ya gaskata wasunsu. A watan Agustan 2003 cutar Blaster ta bazu a duniya. Ba sai ka buɗe wasiƙa ko ka danna wani abu ba. Kasancewarka a jone ya isa. Sai ka ga saƙo ya fito yana ƙirga daƙiƙa 60, kwamfuta ta mutu ta tashi, ta sake. Sai a 2004 Microsoft ya sa katangar tsaron Windows XP ta riƙa zuwa a kunne. An buɗe wa mutane hanya shekaru kafin a tuna da tsaronta. Dattawa kuma nasu tsoron daban ne, abin da yara za su gani bayan manya sun yi barci, kuma ban ga uban da zai ce yau wannan tsoron ya wuce ba.

Sudan ta ƙara da nata na musamman. A watan Nuwamban 1997, daidai lokacin da intanet ke shigowa, Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin tattalin arziki. Sakamakonsa ga mai kwamfuta shi ne kana jone, kana ganin shafin, amma da ka nemi sauke manhaja ko sabunta ta sai a ce ba a hidima da ƙasarku. A farkon 2014 Coursera ya rufe darussansa ga ɗaliban Sudan saboda wannan doka. Sai a Fabrairun 2015 aka sassauta a kan kayan sadarwa na ɗaiɗaikun mutane, a Oktoban 2017 aka ɗage mafi yawan takunkumin. Kusan shekara 20 ke nan matasan Khartum suna koyon zagaye da VPN, ilimin da ya yi musu rana daga baya, lokacin da mai toshewar ya zama na gida.

An ɗanɗana a Satumban 2013, da zanga-zangar janye tallafin mai, aka yanke intanet kamar yini guda. Na sosai ya zo ranar 3 ga Yunin 2019, ana gab da ƙaramar salla, bayan an tarwatsa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja da kisa. Aka kashe intanet ta wayar hannu, ba ta dawo ba sai 9 ga Yuli. Ni na riga na koma gida a lokacin, ina Kano ina duban waya, saƙonnina duka da alama ɗaya. Abin da ya rage yana aiki a birnin, shi ma da yankewa, shi ne layukan kebul na ofisoshi da otal-otal da 'yan gidaje ƙalilan. Ɗan kawu ya ba ni labari daga baya. Yakan saɓa tsohuwar kwamfutarsa mai nauyi, wadda abokai ke yi wa dariya, ya tafi ofishin da wani abokinsa ke aiki, a zaro masa kebul daga bayan wata kwamfutar tebur ya soka a tasa. Kafin ya fita gida maƙwabta sun cika masa takarda da lambobi da saƙonni: a gaya wa wane a Riyad muna lafiya, a gaya wa wance a Zariya an sallami mahaifinta daga asibiti. Masu siraran kwamfutoci na yayi, irin waɗanda aka fara cire wa ramin kebul tun daga MacBook Air na 2008, sai dai su tsaya roƙon lambar sirrin Wi-Fi, in akwai. Ramin da zanzaro ya raina, ranarsa ta zo.

Abu biyu na waɗannan makonni ba sa fita raina. Wani lauya, Abdul'azim Hassan, ya kai ƙarar Zain kotu, ya yi nasara ranar 23 ga Yuni, aka mayar da intanet, amma a layinsa shi kaɗai, tunda da sunansa ya shigar da ƙara. Mutum ɗaya a jone, miliyoyi a yanke, kuma wayoyinsu duka iri ɗaya ne, haɗinsu a jiki. Na biyu, ranar 30 ga Yuni dubun-dubatar mutane suka cika titunan Khartum da Omdurman da Bahri, ba Facebook ba WhatsApp. Kwamitocin unguwanni ne suka bi gida-gida, da takardu, da gajeren saƙon waya, da baki. An sake yankewa bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 har zuwa 18 ga Nuwamba. Tun daga 2020 ma har jarrabawar kammala sakandare ta zama dalilin kashe intanet ta waya na 'yan sa'o'i kowace safiya, wai don hana satar amsa.

In aka tambaye ni yau ko ya dace kwamfutar gida ta zo da haɗinta a jiki, amsata e ce, ba tare da jinkiri ba, kuma har da ramin kebul ɗin, kada a cire shi don a rage kauri. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma talaka ne ke cutuwa in aka mayar da shi ƙari, domin shi ne zai soke shi a takarda, shi ne kuma zai dawo ya saya da tsada. Inda na rabu da masu ƙerawa shi ne matakin da suka ƙara bayan sun ci gardama. Daga "tana iya jonuwa" sun wuce zuwa "sai ta jonu". Chromebook ya fito a 2011 a kan tunanin cewa aikinka na can a rumbun kamfani. A 2013 Adobe ya daina sayar da sabbin manhajojinsa sayarwa ta har abada, ya koma haya, manhaja na leƙawa lokaci-lokaci ta ga ko ka biya. Windows 11 na gida, da ya fito a 2021, yana neman intanet da asusun Microsoft tun a kunnawar farko. Magini ne ya ja maka famfo har cikin ɗaki, madalla, sannan ya fasa randa ya ce ba ka da sauran buƙatarta. Duk wanda ya zauna a garin da famfo ke yin sati bai kawo ba ya san abin da zai ce wa wannan magini.

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023 ya kai maganar inda ba a zata ba. Harbin farko an ji shi ne a kudancin Khartum, wajen Madina Riyadiyya, ba nisa da Alsahafa, kuma yankin ya zauna a hannun dakarun RSF kusan shekara biyu. Bankuna sun rufe, an wawashe da yawa, takardar kuɗi ta zama abin da ake tare mutum a ƙwace. Rayuwa ta koma kan Bankak, manhajar Bankin Khartum: ɗa a Saudiyya ya turo, uwa ta nuna wa mai shago waya, a auna mata gari. Ɗakunan girkin taimako na unguwanni, waɗanda ake kira takaya, da kuɗin da ake turowa ta nan suke ɗora tukunya. A farkon Fabrairun 2024 sai Zain da MTN da Sudani suka ɗauke gaba ɗaya. An ɗora alhakin a kan RSF, waɗanda cibiyoyin kamfanonin na Khartum ke hannunsu, su kuma suka musanta. Tukwane da yawa suka sauka. Mai kuɗi a asusu ya kwana da yunwa, wayarsa na hannunsa, cike da caji.

Sai farantan Starlink, masu kama intanet daga tauraron ɗan'adam, suka shigo ta ɓarauniyar hanya, ta Chadi da Libiya da Sudan ta Kudu, ba da lasisin hukuma ba. A kafa faranti a kasuwa ko a wani kango, a sayar da sa'a, sau da yawa a ƙarƙashin idon masu bindiga, waɗanda ke da kasonsu. Mutum ya yi tafiyar kilomitoci, ya ratsa shingaye, ya zauna a ƙasa cikin baƙi ya karɓi kuɗin cefane, ya ce wa 'yan'uwa yana raye. A nan dole a yi wa Injiniya adalci: abin da ya sa wannan ya yiwu shi ne kowace waya da kowace kwamfuta ta zo da Wi-Fi a jiki. Da a ce ƙari ne da ake saye daban, da rabin masu zaman nan ba su da abin kamawa. Da kamfanin ya aika wa masu amfani da shi cewa zai yanke wuraren da ba shi da izini a ƙarshen Afrilun 2024, ƙungiyoyin agaji da dama suka fito suna roƙo kada a yi. Numfashin gari guda ya rataya a kan shawarar wani ofis a Amurka.

Akwai wani ɓangare na haɗin da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma shi na fi so a dawo da shi. Abin da Apple ya ƙera a 1985, da Econet na kwamfutocin BBC Micro a makarantun Ingila, don na'urorin da ke ɗaki ɗaya ko gini ɗaya aka yi su. Yau in ina Alsahafa zan tura wa maƙwabcina takarda, bisa al'ada sai ta bi ta hasumiya, ta gangara Bur Sudan, ta shiga kebul ɗin ƙarƙashin Bahar Maliya, irin SAS-1 mai zuwa Jidda ko EASSy da aka kunna a 2010, ta je rumbun wani kamfani a wata nahiya, sannan ta dawo ta tsallaka katangarmu. Duk wanda ke riƙe da wata gaɓa a wannan doguwar hanya yana iya raba ni da mutumin da nake jin tarinsa. Alhali na'urorin suna da abin da za su yi magana kai tsaye. Matasa sun gane haka tuntuni: Xender da SHAREit da Bluetooth da su ake musayar wa'azi da waƙa da finafinan Kano daga Alsahafa har Fagge, ba a ƙona ko ɗigon data ba. 'Yar koriyar kwamfutar yara ta shirin OLPC, wadda aka gwada a makarantar firamare ta Galadima a Abuja a 2007, an ƙera ta ne ta riƙa neman 'yan'uwanta da kanta su haɗa shabakarsu ko babu intanet. Shirin bai yi nisa ba, kuma wannan fasahar tasa ta sha matsala, amma tunanin daidai ne. Kamfanoni dai ba su da zumuɗinsa, tunda saƙon da ya tsallaka katanga kai tsaye ba ya bi ta mitar kowa.

Ɗaliban ilimi na Jami'ar Afirka su ma sun daɗe da nasu maganin. Da wuya ka ga wanda zai koma gida ba da Maktaba Shamila a ma'ajiyarsa ba, dubban littattafan tafsiri da hadisi da fiƙihu da lugga, ana bincike a ciki ko a ƙauyen da ba a taɓa ganin sandar sabis ba. Daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta yaɗu, aboki ya kwafa wa aboki. Kiwix na yin irin wannan da Wikipedia. Kayan da aka gina a kan cewa haɗi na zuwa yana tafiya, su suka yi amfani a Khartum ta 2024.

Sojoji sun karɓe birnin a watan Maris na 2025, mutane suka fara komawa. Da yawa sun tarar an kwashe kwamfuta da talabijin da firji, an kuma farfasa bango da ƙasa an zare wayoyin tagulla. Wanda ya samu hali sai ya fara da farantin sola da batir, sannan ya nemi na'ura ta hannu, wadda wani ofis a Turai ko Dubai ya gama yayinta. Kasuwarmu ke nan, daga Suk Libiya a Omdurman har Farm Centre a Kano: abin da zai zo a jikin kwamfuta wasu ne suka yanke shi shekaru biyar ko shida da suka wuce, ba da mu a ransu ba. Tarayyar Turai ta iya tilasta wa kamfanoni ramin caji iri ɗaya na USB-C daga ƙarshen 2024 saboda girman kasuwarta. Mu ba mu da wannan murya tukuna.

Abin da ke hannunmu yana kan teburin mai gyara. A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tallafi na gama-gari, kuma ɗimbin kwamfutoci masu lafiya ba su cika sharuɗɗan hawa 11 ba. Irinsu ne za su cika kwantenoni su nufo mu. Akasarinsu na ofis ne, masu kauri, da Wi-Fi da Bluetooth da ramin kebul duka a jiki. Yaron da zai goge su ya zuba musu manhaja kafin a sayar, shi zai zaɓa ko ya sa wadda ke buɗewa ba tare da ta nemi izini daga ƙetare ba, irin Linux da LibreOffice, ya ƙara da ƙamus da littattafan makaranta da abin tura fayil zuwa na'urar maƙwabci, ko kuwa ya zuba abin da ya saba ya karɓi kuɗinsa. Yawancinsu abin da suka saba suke zubawa, domin shi mai saye ke tambaya.